Saita kamfas ɗin jirgi maras matuƙi mai kyamara: yadda ake yi da lokacin da ya dace

Ka kunna jirgi, ka haɗa shi da rimot, sai ga jan rubutu a fuskar waya wai kamfas ya samu matsala. Abin da yawancin masu irin wannan jirgi ke yi shi ne su sunkuce shi nan take, a daidai inda suke tsaye, su yi ta juyi da shi har fitila ta koma kore. Sau da yawa babu ɓarnar da ta kai wannan. Gargaɗin yakan zo ne saboda wurin da aka ajiye jirgin, kamfas ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau. Wanda ya saita kamfas a gurɓataccen wuri ya ɗebo matsalar da ke ƙasa ya zuba ta a ƙwaƙwalwar jirginsa, sannan ya tashi da ita sama.

Saitin kansa ba ya cin minti biyu, kuma ko yaro zai iya. Inda aikin yake shi ne sanin yaushe za a yi, a ina za a yi, da yadda za a tabbatar ya yi kyau kafin a tura jirgi nesa.

Aikin kamfas a cikin jirgi

GPS yana gaya wa jirgi inda yake, amma ba ya gaya masa ina hancinsa ya fuskanta. A ce jirgi yana tsaye cak a sama, iska ta ture shi mita biyu zuwa gabas. GPS zai sanar da shi cewa ya goce gabas. Kafin ya koma yamma sai ya san ko yamman tana gabansa ne, ko bayansa, ko ta hannun hagu, domin ya san waɗanne farfeloli zai ƙara wa gudu. Kamfas ne ke ba shi wannan labari.

Babu wata allura mai juyawa a ciki. Wata 'yar mitsitsiyar na'ura ce mai auna ƙarfin maganaɗisun duniya ta fuska uku: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Shi kuwa maganaɗisun duniya mai rauni ne ƙwarai. Ƙarfinsa a doron ƙasa yana tsakanin maikurotesla 25 zuwa 65, ya danganta da inda mutum yake. Maganaɗisun da ke cikin ƙaramar lasifika, idan aka matso kusa da shi, ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Shi ya sa guntun rodi ko murfin jaka mai maganaɗisu ke iya ruɗa kamfas.

Idan kamfas ya yi kuskure kaɗan, jirgi zai yi yunƙurin komawa wurinsa amma ya nufi gefe. GPS ya ce masa har yanzu bai dawo ba, ya sake yunƙuri, ya sake gocewa. Daga ƙasa abin da za ka gani shi ne jirgi yana kewaye shi kaɗai, da'irar tana ƙara faɗi, gudun yana ƙaruwa. Idan kuwa kuskuren ya haura digiri 90, duk gyaran da jirgi ya yi ƙara nesanta shi yake da inda ya so komawa, sai ka ga ya yanka da gudu kamar an kira shi. Jiragen kamfanin DJI, idan suka lura bayanin kamfas da na sauran na'urori sun saɓa, sukan daina dogara da GPS su faɗa yanayin da ake kira ATTI. A wannan yanayi jirgi yana riƙe tsayinsa daga ƙasa kawai, amma ba ya birki, iska kuma tana tafiya da shi duk inda ta ga dama.

Abin da saiti yake gyarawa, da wanda ba ya gyarawa

Jirgin da kansa cike yake da abubuwan da ke damun kamfas ɗinsa. Injinan farfela huɗu duk akwai maganaɗisu a cikinsu. Ga ƙananan kusoshi na ƙarfe, ga wayoyin da wutar batir ke bi. Masu ƙera jirgi suna ƙoƙarin nesanta kamfas da waɗannan, shi ya sa a jiragen DJI samfurin Phantom aka kai shi can ƙasan ƙafa. Duk da haka sai an samu saura.

Idan kana juya jirgi lokacin saiti, maganaɗisun duniya yana nan inda yake, jirgin ne ke kewaya a cikinsa, don haka kamfas yana ganin sa yana canza fuska. Maganaɗisun jikin jirgi kuwa tare suke juyawa da kamfas, ba ya canzawa a idonsa. Da wannan bambanci kwamfutar jirgi ke gane wanne ne na duniya, wanne ne na jikinta, ta ajiye lissafin na jikin don ta riƙa cire shi daga kowane awo. Kamar mai sikeli ne da ya ɗora kwano babu komai a ciki ya mayar da awo sifili. Idan a lokacin wani ya jingina hannu a kan sikelin, duk abin da za a auna daga baya ƙarya ne, ko da ya ɗauke hannun.

To saiti jikin jirgi yake gyarawa, ba wuri ba. Babu irin saitin da zai sa dakalin kankare mai rodi ya zama wurin tashi mai kyau.

Haka nan ba saiti ne ke gyara tazarar da ke tsakanin arewar maganaɗisu da arewar taswira ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Wannan tazara tana canzawa daga wuri zuwa wuri, a wasu ƙasashe digiri ɗaya ko biyu, a wasu fiye da 20. Tana kuma canzawa da shekaru, domin ƙuryar arewar maganaɗisu ba a tsaye take ba. A 1831 James Clark Ross ya same ta a arewacin Kanada, yanzu kuwa ta yi nisa a hanyarta ta zuwa Saiberiya. Amurka da Birtaniya suna fitar da sabon lissafin maganaɗisun duniya duk bayan shekara biyar, na baya-bayan nan shi ne na 2025. Jirgi yana ɗauke da irin wannan lissafi a manhajarsa, da zarar ya san inda yake ta GPS sai ya yi gyaran da kansa.

Yaushe ake buƙatar saiti

A nan ne ake yawan musu, kuma kamfanin DJI da kansa ya taimaka wajen ruɗanin, domin umarninsa ya canza daga jirgi zuwa jirgi. A zamanin Phantom 2 da Phantom 3 ana cewa a saita a duk sabon wurin da aka je. Da Phantom 4 ya fito a 2016 da kamfas biyu a jikinsa, sai umarni ya koma kada a saita sai manhaja ko fitilar jirgi ta nema. Daga baya, a jirage irin su Mavic Air na 2018 da Mavic Mini na 2019, aka kafa sharuɗa uku: idan an yi nisan fiye da kilomita 50 daga inda aka tashi na ƙarshe, idan jirgi ya yi fiye da kwana 30 bai tashi ba, ko idan gargaɗin kamfas ya bayyana, fitila tana ƙyafta ja da rawaya bi da bi. Duk wanda ka ji yana rantsuwa cewa tasa ce daidai, ka tambaye shi da wane jirgi ya koya. Ka duba takardar umarnin naka jirgin, ita ce ta farko.

Bayan wannan, akwai lokutan da hankali ma zai ba ka cewa maganaɗisun jikin jirgi ya canza. Jirgi ya faɗo ko ya bugi wani abu da ƙarfi. An canza masa injin farfela, ko hannu, ko ƙafa, ko an buɗe cikinsa an yi gyara. Ka ɗaura masa wani sabon abu kamar fitilar dare, lasifika, na'urar bin sawu ko abin sakin kaya. Ya kwana a kusa da babbar lasifika ko wani maganaɗisu mai ƙarfi. A duk waɗannan a yi saiti, ko manhaja ba ta ce komai ba. Haka idan ka yi doguwar tafiya ta tsallaka ƙasashe, musamman daga kudu zuwa arewa ko akasin haka, domin ƙarfin maganaɗisu da yadda yake karkata cikin ƙasa sun bambanta ƙwarai. A wajen layin da ya raba duniya kudu da arewa kwance yake, amma yayin da ake matsawa ƙuryoyinta sai ya riƙa nutsawa ƙasa har ya kusa tsayawa tsaye. Sabon jirgi da aka ciro daga kwali yakan nemi saiti da kansa, wani lokaci ma bayan sabunta manhaja.

Alamun da ake gani a sama su ma hujja ce. Jirgi yana kewaye maimakon ya tsaya, ko ka tura shi gaba yana tafiya a karkace alhali babu iska, ko kibiyarsa a taswira tana nuna wani wuri daban da inda hancinsa yake a fili mai tsabta.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne al'adar saiti kafin kowane tashi. Mai yin haka yana ganin taka-tsantsan yake yi, alhali kullum yana jefar da saiti mai kyau ne ya karɓi sabo a wurin da bai san me ke binne a ƙarƙashinsa ba. Idan jirgi yana tashi lafiya, kibiya tana daidai, babu gargaɗi, babu abin da ya canza a jikinsa, a ƙyale shi.

Idan gargaɗi ya fito, fara da wannan

Kashe jirgin. Ɗauke shi ka yi tafiyar mita 15 ko 20 zuwa kan ƙasa zalla ko ciyawa. Sake kunnawa. Yawanci daga nan gargaɗin ya tafi ke nan, babu buƙatar wani saiti.

Kashewar tana da muhimmanci, kada a tsallake ta. A daƙiƙun farko bayan an kunna jirgi ne yake karɓar alƙiblarsa ta farko daga kamfas, daga nan na'urar auna juyi ta ci gaba da lissafi a kan wannan tushe. Idan an kunna shi a kan bonet ɗin mota, ko murfin kwalbati, ko tebur mai ƙafar ƙarfe, ya riga ya haɗiye alƙibla ta ƙarya. Ɗauke shi zuwa wani wuri yana kunne ba lallai ya goge ta ba. Abin tsoron shi ne wani lokaci ko gargaɗi ba ya fitowa. Jirgi zai tashi lafiya lau, sai ya yi sama ya rabu da ƙarfen, kamfas ya fara faɗin gaskiya, gaskiyar ta ci karo da ƙaryar da aka fara da ita. Da yawa daga cikin jiragen da masu su ke cewa sun gudu haka kawai, a ƙasa aka shuka musu matsalar tun kafin farfela ta juya.

Sai idan ka canza wuri sau biyu ko uku gargaɗi bai tafi ba, sannan ka shiga saiti.

Mataki na ɗaya: zaɓen wuri

Rabin aikin yana nan. Ana son buɗaɗɗen fili mai ƙasa, yashi ko ciyawa. A nisanci motoci da babura, turakun lantarki, taransifoma, manyan wayoyin wuta, shingen waya, kwantena, layin dogo, gada, da duk wani gini. Mita 10 ita ce mafi ƙarancin tazara daga ƙananan abubuwa irin su mota, manyan abubuwa kuwa sai a ninka sau da yawa. Abin daɗin shi ne tasirin ƙarfe yana raguwa da sauri. Ga ƙaramin maganaɗisu, idan ka ninka nisa sau biyu, ƙarfinsa yakan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Taku kaɗan yana canza lamari.

Abin da ido ba ya gani ya fi cuta. Kankare kusan kullum akwai rodi a cikinsa, don haka farfajiyar siminti, saman bene, wurin ajiye motoci da bakin titi mai kwalbati duk a bar su. A ƙarƙashin ciyawa ma ana iya samun bututun ƙarfe ko wayar wuta da aka binne. Wasu duwatsu masu arzikin ƙarfe su ma suna jan kamfas. A cikin ɗaki kuwa kada ma a soma, ko da manhaja ta karɓa.

Akwai dabara mai sauƙi. Yawancin wayoyin hannu suna da irin wannan na'ura, kuma akwai manhajoji kyauta masu nuna ƙarfin maganaɗisu da lamba. Riƙe wayar ka zaga wurin, ka kai ta kusa da ƙasa, ka ɗaga ta. Ba ainihin lambar ce abin dubawa ba, domin kamfas ɗin waya shi ma ba cikakken mai gaskiya ba ne. Tsayuwarta ake dubawa. Idan tana nan kusan wuri ɗaya duk inda ka taka, fili ya yi. Idan tana tsalle, ƙara gaba.

Mataki na biyu: raba jikinka da ƙarfe

Hannunka ne zai fi komai kusa da kamfas. Cire agogo, musamman na zamani mai maɗaurin maganaɗisu. Cire zobe da abin hannu, fitar da makullai, da waya, da akwatin abin sauraro na kunne, wanda murfinsa maganaɗisu ne ke riƙe shi. Bel mai babban kan ƙarfe ma a yi hattara da shi. Rimot da wayar da ke jikinsa a ajiye su taku uku ko huɗu daga inda za ka tsaya, ko ka ba wani ya riƙe yana gaya maka abin da fuskar ke nunawa.

Mataki na uku: shirya jirgi

A saita shi a yadda zai tashi. Buɗe hannayensa gaba ɗaya idan mai naɗewa ne, cire murfin kyamara, sa batir mai caji sosai, ka bar duk abin da ka ɗaura masa a jikinsa. Kunna rimot, sannan jirgi, a kan ƙasa mai tsabta. Injina a kashe suke har a gama, kada kowa ya taɓa sandunan rimot yayin da jirgi ke hannunka. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya cire farfeloli, ba ya ɓata komai.

Mataki na huɗu: shiga wurin saiti

A manhajar DJI Fly, taɓa ɗigo ukun da ke saman dama, shiga Safety, gangara zuwa Sensors, za ka ga Compass da kalmar Calibrate a gefensa. A DJI GO 4 yana cikin saitunan jirgi, ƙarƙashin Advanced Settings, sannan Sensors. A can har akwai wani layi mai nuna yawan katsalandan, kore idan lafiya, rawaya ko ja idan da matsala, kuma yana da amfani wajen gwada wuri. A tsofaffin Phantom ana iya shiga ba tare da manhaja ba, ta hanyar kaɗa makunnin yanayin tashi sama da ƙasa da sauri sau biyar ko fiye. Jiragen wasu kamfanoni kamar Autel da Potensic suna da nasu tsarin jerin, amma wurin bai wuce sashen tsaro ko na na'urorin awo ba. Da ka danna farawa, a jiragen DJI fitilar baya za ta tsaya rawaya.

Mataki na biyar: juyin kwance

Ɗaga jirgi kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, wato wajen ƙirji, a kwance kamar yana shawagi. Juya shi cikakken zagaye ɗaya, digiri 360. Kana iya juya shi a hannu, kana kuma iya miƙa hannu ka juya da jikinka gaba ɗaya. Duka suna yi, sai dai juya shi a wuri ɗaya ya fi tsabta, domin kamfas yana zama a cikin maganaɗisu iri ɗaya daga farko har ƙarshe. A yi a hankali ba tare da fizga ba, daƙiƙa biyar zuwa goma a zagaye. Kada ya riƙa karkata. Idan ka zagayo fitila ba ta canza ba, ci gaba kaɗan, wani lokaci sai an ɗan wuce zagaye ɗaya. Idan ta koma kore tsayayye, an gama wannan.

Mataki na shida: juyin tsaye

Yanzu tsayar da jirgin. A jirage da yawa hanci ne ke kallon ƙasa, a wasu kuwa a gefe ake kwantar da shi, don haka bi hoton da manhaja ta nuna maka, kada ka bi abin da ka gani a bidiyon wani jirgi. Sake juya shi cikakken zagaye yana tsaye, kamar yadda ka yi da farko. Wannan juyi ne ke ba kwamfuta awon fuska ta uku, wadda juyin kwance bai taɓa ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a matso da jirgi jikin ciki saboda hannu ya gaji, daidai inda kan bel yake.

Manhaja za ta rubuta cewa an yi nasara, fitila ta koma ƙyaftawarta ta kullum. Idan ja ta nuna, ko ja da rawaya, saiti bai karɓu ba. Kada ka maimaita a nan, matsa wani wuri.

Mataki na bakwai: duba kibiya

Saƙon nasara yana nufin lissafi ya haɗu ne kawai, ba shaida ba ce cewa jirgi ya san arewa. Ajiye shi a ƙasa, kashe, sake kunnawa, ka jira ya kama taurarin ɗan adam goma ko fiye ya kuma ajiye wurin dawowa. Buɗe taswira ta cika fuska. Nemi wani abu da kake gani da ido kuma yana kan taswira, kamar titi, gefen gini ko bakin ruwa. Fuskantar da hancin jirgi gare shi, ka ga ko kibiyar da ke wakiltar jirgin ta nufi can. Sai ka juya shi kwata, ka sake dubawa, har fuska huɗu. Kada ka auna da kamfas ɗin wayar da ke maƙale a rimot, ita ma tana iya yin ƙarya. Da abin da ke ƙasa za ka auna.

A ganina wannan dubawa ta daƙiƙa goma ta fi saitin kansa daraja, kuma ita ce ta cancanci a yi kafin kowane tashi, ko an yi saiti ko ba a yi ba. Ita kaɗai ke kama alƙiblar ƙarya da jirgi ya haɗiya shiru ba tare da gargaɗi ba. Idan kibiya ta kauce sosai, kada ka tashi, komai saurin da kake yi.

Mataki na takwas: gwaji a sama

Tashi mita biyu ko uku, ka saki sanduna, ka ba shi rabin minti. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Yawancin jiragen yanzu suna da ƙananan kyamarori a cikinsu masu kallon ƙasa, kuma a kusa da ƙasa su ne ke riƙe jirgi wuri ɗaya, suna rufa wa kamfas asiri. Aikinsu yakan yi rauni daga wajen mita 10, a wasu jirage ya fi haka. Don haka haura mita 20 zuwa 30 a tsakiyar fili, inda GPS da kamfas ne kaɗai ke aiki, ka sake sakin sanduna. Ya tsaya? To juya shi a hankali cikakken zagaye kana kallon kibiya. Sannan tura shi gaba mita 30, ka dawo da shi da baya, ka ga ko layi ɗaya ya bi. Idan duk sun yi, je ka ɗauki hotonka.

Idan saiti ya ƙi karɓuwa ko'ina

Wuri uku masu tsabta, jiki babu ƙarfe, amma ja yake nunawa. Fara cire duk wani abu da ka ƙara wa jirgin, ka sake gwadawa. Duba injinan farfela, domin maganaɗisunsu yana tsince ɓurɓushin ƙarfe daga yashi. Idan an taɓa gyara shi, mai yiwuwa an sa kusa ta wani ƙarfe daban kusa da kamfas, ko wayarsa ta saki. Abu na gaba shi ne kamfas ɗin ko ƙarfen da ke kewaye da shi ya sha maganaɗisu har kuskuren ya fi ƙarfin abin da lissafi zai cire. Akwai na'urar da ke goge wannan, masu gyara suna da ita. Za ka ga wasu suna shafa maganaɗisu da hannu a jikin jirgi don su warware. Wani lokaci yana yi, amma caca ce, tana iya ƙara dagula shi. Rigakafin shi ne a ajiye jirgi nesa da lasifikar bayan mota da jakunkuna masu murfin maganaɗisu.

Kada kuma a haɗa saitin kamfas da 'yan uwansa. Idan hoto yana fitowa a karkace, mariƙin kyamara ne ke son saiti. Idan jirgi yana jirkicewa ko yana jinkirin shiri bayan kunnawa, wannan saitin IMU ne, wato na'urar auna juyi da motsin jirgi, wanda ake yi a kan shimfiɗaɗɗen wuri jirgi yana a sanyaye. Rimot mai fuska a jikinsa ma yana da nasa kamfas, wanda ruɗewarsa ba ta shafar tashi, sai dai ta nuna maka jirgi a gefen da ba nan yake ba. Guguwar rana, wadda ake aunawa da ma'aunin Kp daga 0 zuwa 9, ana yawan ɗora mata laifi. Mai ƙarfi irin ta watan Mayun 2024 tana iya dagula GPS, amma saita kamfas ba maganinta ba ne, haƙuri ne har ta wuce.

Masu haɗa jirgi da hannunsu da manhajar sarrafa jirgi ta ArduPilot ko PX4 aikinsu ya ɗan fi tsawo. A manhajar Mission Planner ko QGroundControl da suke saiti da ita ana juya jirgi ta fuskoki shida, kowane gefe ya kalli ƙasa. Su ne kuma ke da alhakin ɗora kamfas a kan ɗan turke sama da wayoyin batir, kibiyarsa tana kallon gaba, domin wutar da injina ke ja tana haifar da nata maganaɗisun da ke ƙaruwa da ƙaruwar gudu, abin da saitin ƙasa ba ya gani tunda injina a kashe suke.

Idan abin ya same ka jirgi yana sama

Kada ka danna maɓallin dawowa gida. Wannan maɓalli da GPS da kamfas yake aiki, su ne kuma suka rikice. Idan kusa da gini, gada ko hasumiyar ƙarfe kake, ƙara sama ka janye daga wurin, sau da yawa kamfas yakan dawo hayyacinsa. Idan jirgi ya shiga ATTI, ka tuna babu birki: duk turawar da ka yi sai ka mayar da kishiyarta kafin ya tsaya, kuma kullum kana ɗan tura shi cikin iska. Juya shi bayansa ya kalle ka, don hagunka ya zama hagunsa, ka yi watsi da taswira ka dogara da idonka da hoton kyamara. Sauke shi a fili mafi kusa, ba sai ya dawo gabanka ba. Manyan jirage irin su Phantom suna da makunnin shiga ATTI da gangan, kuma mai irinsu ya kamata ya yi atisaye da shi a ranar da babu iska. Ƙananan Mini da Air ba su da shi.

Wani lokaci aiki ne zai kai ka inda babu ƙasa mai tsabta, kamar saman bene ko jirgin ruwa na ƙarfe. A irin wannan wuri ba a saiti ko kaɗan, ana zuwa ne da saitin da aka yi a fili. Nemi abin da zai ɗaga jirgin daga daɓe, tebur na roba ko akwatin katako da ba shi da ƙusoshi da yawa, tsayin mita ɗaya ko kusa da haka. A kansa za a kunna jirgin, ba a ƙasa a kunna sannan a ɗora ba. Duba kibiya ta fuska biyu aƙalla. Da ya tashi, kada ka tsaya shawagi kusa da daɓe ko jikin ƙarfe, haura kai tsaye mita da dama sannan ka saki sanduna ka ga tsayuwarsa. Wajen sauka ma gargaɗi yana iya dawowa a mitocin ƙarshe, don haka yatsunka su zauna a kan sanduna har injina su mutu.